Yadda yayana ya zama babban baƙo a gidan caca, gonar gado ta tafi jingina

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin amma sai da na nemi izinin mai shi tukunna, domin labarin gidanmu ne kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, yace in rubuta amma kar in kama suna, toh bazan kama sunansa ba kuma bazan kama sunan manhajar cacar ba. Abinda yasa na matsa shine yanzu a ƙauyukanmu sai kaji yaro yana bugun ƙirji wai shi ya kai lebul ɗin zinare a manhajar caca, wai shi VIP ne wato babban baƙo, kamfani ya san da zamansa, ni kuwa da idona naga yadda ake kaiwa wannan matsayin, kuma na zauna da biro da takarda na lissafa kuɗin da ake sayensa da shi.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari a jihar Jigawa. Babanmu Allah ya jiƙansa ya rasu ina firamare, Yaya shine ɗan fari, Inna har gobe bata kiran sunansa sai dai tace yayanku, shi ya ajiye karatu ya ɗauki gidan, ya yi noma ya yi dako ya yi tallan rake a tasha, da guminsa na gama sakandare na shiga kwalejin ilimi ta Gumel na karanta lissafi. Yanzu haka ina koyarwa a ƙaramar sakandare, da yamma kuma ina zama a ɗan shagona na POS da cajin waya da sola. Ina faɗin wannan ne saboda kar wani ya karanta ya ɗauka wani ashararu nake ba da labari, wallahi mutumin kirki ne, mai kyauta, mai zumunci, duk abinda na zama ta hannunsa Allah ya bani.

Sana'arsa awon riɗi ne da zoborodo. Yana da ubangida a kasuwar Dawanau ta Kano, idan kaka ta yi sai Alhaji ya turo masa kuɗi ya shiga ƙauyuka da kasuwanni yana saye, Alhamis yana Maigatari, Lahadi yana Gujungu, sauran ranaku yana bin manoma gida gida da kwanonsa da buhunansa, in ya tara a sito ya cika mota ya tura Dawanau a cire masa kamashonsa. Shekaru yana wannan ko tiya ɗaya ba'a taɓa nema an rasa ba. Abu ɗaya na sani yana damunsa tun da can, rashin karatun boko, in yaje banki a Gumel aka miƙo masa fom sai ya nemi wanda zai cika masa, in yaje Dawanau yaran Alhaji masu riƙe da littafi su dinga ce masa na ƙauye, baya cewa komai amma in ya dawo sai kaga abin a fuskarsa. Yaya mutum ne mai son a girmama shi, kuma ta wannan ƙofar aka shigo masa.

Abin ya faro ne lokacin gasar kofin duniya ta Qatar a ƙarshen 2022. Ranar da Saudiyya ta ci Ajantina biyu da ɗaya wani yaro a gidan kallon garinmu ya ci kuɗi a bet, gari ya ɗauka, washegari kowa sai tambaya yake yaya ake yi. Yaron ne ya saka wa Yaya manhajar a waya. Da farko ɗari biyu ce, ɗari biyar, a haɗa wasanni goma tiket ya yanke ayi dariya. Amma ƙwallo sai ka jira minti casa'in, shi kuma a cikin manhajar akwai wani ɓangare na gidan caca sosai wanda ba jira, akwai faifan nan mai juyawa da ake kira rulet, akwai wasan jirgin nan da yake tashi kuɗinka na ninkuwa sai ka cire kafin ya ɓace, cikin daƙiƙu kaɗan an gama an sake sabo. Sai kuma ga matsalar canjin kuɗi a farkon 2023, tsabar naira ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, Yaya da ya saba ɗaure kuɗi da roba ya cusa a aljihun ciki yana jin nauyinsu sai kuɗinsa duk suka koma lamba a fuskar waya. Ni a ganina wannan ya taimaka wajen lalacewar, wanda zai yi wuya ya zaro damin dubu hamsin ya miƙa a teburin karta a gaban mutane, a waya danna biyu ne cikin ɗaki ba wanda ya gani.

Toh ita manhajar tana da matakai, kana shiga kana matakin tagulla, sai azurfa, sai zinare, sai na can sama wanda sukace sai an gayyace ka. Duk kuɗin da ka saka a wasa ana baka maki, akwai wata ƙaramar sanda a saman allo tana cika a hankali, a ƙasanta an rubuta saura maki kaza ka haye. Da ya kai zinare sai aka fara kiransa a waya. Farko da turanci, da suka gane baya ji sai suka haɗa shi da wata mai jin Hausa tace ita ce manajarsa ta musamman, duk abinda yake so ita zai nema.

Bazan manta daren da na fara jin muryarta ba. Bayan isha'i ne a shagona, ya kawo wayarsa caji, tana jone aka kira, sai ya saka a sifika yana min alama da hannu in saurara. Tace ranka ya daɗe Alhaji barka da dare, ya iyali ya kasuwa, mun ga ƙoƙarinka na wannan satin shi yasa kamfani yace a saka maka ɗan goro a asusunka, kuma daga yau in zaka cire kuɗi ba sai ka bi layi ba. Yaya bai taɓa zuwa Makka ba amma Alhaji take ce masa. Da ta kashe ya kalle ni bakinsa har kunne yace, Ticha kaji ko, shekara nawa ina yiwa mutumin Dawanau bauta bai taɓa ɗaga waya yace min ya iyali ba, waɗannan kuwa sun san darajar mutum. Nace Yaya caca ce fa, kuma kasan hukuncinta. Yace ai shi ba caca yake ba dabara yake, ya gane lokacin da jirgin yake nisa, kuma ko ya faɗi duk Litinin suna mayar masa da wani kaso, wa ya taɓa ganin cacar da ake mayar maka da kuɗi. Ƙane baya ja da wa a gidanmu, na faɗi abinda zan iya, na kuma samu Kawu ƙanin Inna na gaya masa, ya kira shi ya masa faɗa, ya rantse ya bari, ashe wuri kawai ya canza, ya daina kawo caji wajena ya sayi fawa bank.

Kyaututtukan kuwa ba ƙarya bane suna zuwa. Katin waya, data, bonas ranar da ya rubuta musu a matsayin ranar haihuwarsa, goron sallah, har wata riga da hula mai tambarinsu aka aiko masa ta motar haya. Abinda yafi tsaya min a rai shine lokacin da Inna ta kwanta a asibiti a Gumel da damina, Yaya yana jinya ya kwana biyu bai buɗe manhajar ba, sai ga kiran manaja, Alhaji lafiya muka ji ka shiru, yace mahaifiyarsa ce ba lafiya, tace ayya Allah ya bata lafiya Allah yasa kaffara ne, ga ɗan abu mun saka maka ka rage zafi, amma fa ka tuna wata ya kusa ƙarewa in makinka bai cika ba zasu sauke ka zuwa azurfa ni kuma a raba ni da kai. A barandar asibitin na fito da tsakar dare na same shi zaune a kan tabarma, hasken waya a fuskarsa, yatsansa na rawa a kan allo, yana kare matsayinsa kar a sauke shi, Inna na ciki da ƙarin ruwa a hannu.

Daga nan abubuwa suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Babur ɗinsa yace ya bada haya, ashe ya sayar. Tumakin matarsa yace zai kai Maigatari ya canzo mata wasu, ba'a ga tumaki ba ba'a ga kuɗi ba, ta yi yaji aka dawo da ita. Asiri bai gama tonuwa ba sai kakar 2024, Alhaji ya turo kuɗin awon riɗi kamar kullum, aka yi sati ana jiran mota shiru, ya turo yaronsa da littafi, aka buɗe sito buhunan da ke ciki basu kai rabin kuɗin ba. A ƙofar gidan dagaci aka yi zaman, ga liman ga Kawu ga yaron Alhaji ga ni, Yaya ya sunkuyar da kai yace shi ya ci, ba ɓarayi bane ba asara bace a hanya. Alhaji mutumin arziki ne, ta waya yace bazai kai shi wajen 'yan sanda ba saboda shekarun da suka yi, amma kuɗinsa a biya shi. Aka sayar da bijiman huɗa guda biyu, gonar gado ta bakin fadama wadda har yanzu ba'a raba ba aka bada ita jingina, Inna da kanta ta dangwala hannu a takardar tana hawaye bata ce uffan ba.

Ku a tunaninku a nan zai tsaya ko? Bayan kwana kaɗan ya same ni a shago yace, Ticha ka ranta min dubu ɗari biyu, saura ƙiris sandar ta cika, manaja tace in na shiga na saman za'a dinga mayar min da kaso mafi tsoka kuma akwai babbar kyauta ta shiga, da ita zan fanso gonar. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin na gane shi a ransa wannan matsayin wata kadara ce da ya tara, kamar fili ko shanu, yana ganin in ya bari yanzu ya yi asarar wahalar da ya sha. Nace Yaya zan baka amsa amma ka bani wayarka da izinin in ciro bayanan asusunka na banki da tarihin wasanka, in na gama lissafi ka ga akwai riba ni da kaina zan baka. Ya yarda saboda ya tabbata lissafin zai goyi bayansa.

Na yi darare ina wannan aikin bayan na rufe shago, ina kwafe lambobi a littafin darasi. Abinda ya tura cikin manhajar tun farko ya haura naira miliyan 6, abinda ya ciro bai wuce miliyan 2 ba, wato sama da miliyan 4 sun tafi. Amma lambar da ta tsorata ni ita ce jimlar abinda ya saka a wasa, ta kusa naira miliyan 140. Mutumin da bai taɓa riƙe miliyan 10 tasa ta kansa ba. Yadda abin yake shine kuɗi ɗaya ne yake ta juyawa, ya saka dubu goma ya ci dubu sha biyar, ya sake sakawa ya faɗi, ya sake ya ci, kowane zagaye ana ƙirga shi a matsayin sabon kuɗi, a dare ɗaya sai ya yi zagaye ɗari ko fiye. Kuma makin da ake bashi a kan wannan juyin ake bayarwa, babu ruwansu da ya ci ko ya faɗi.

Dalili kuwa kowane wasa an gina shi da kason gida a ciki. Ɗauki rulet, ramuka 37 ne daga sifili zuwa 36, in ka saka naira ɗari a lamba ɗaya ta fito za'a baka 3,500 a kuma mayar maka da ɗarinka, wato ana biyanka kamar ramukan 36 ne alhali 37 ne, wannan rami ɗayan shine abincin gida, kashi 2.7 cikin ɗari na duk abinda aka saka. Irin na Amurka ma sifili biyu gare shi, ramuka 38, kason gida ya haura kashi 5. Wasan jirgi su kansu masu shi a cikin bayanin wasan sun rubuta kashi 97 ke komawa ga masu wasa, kashi 3 nasu ne. Kashi 3 kamar ba komai ba, amma ka buga shi a miliyan 140 ka gani, miliyan 4 da dubu ɗari biyu, kusan daidai da abinda ya ɓace mana. Ba rashin sa'a bane, ba sammu bane kamar yadda wasu 'yan uwa suka fara cewa, ba kuma don bai iya cirewa da wuri ba, lissafin ne ya cika kamar yadda aka tsara shi. Duk kyaututtukan da aka bashi kuwa, da bonas da kason Litinin da kati da riga, na tara su basu kai dubu ɗari biyar ba, kuma yawancinsu ba kuɗin da zaka cire bane, sharaɗinsu sai ka juya su sau kaza a wasa tukunna, kafin ka gama juyawa sun koma inda suka fito.

Da naga haka sai na shiga karance karance a waya in ga daga ina wannan tsarin ya samo asali, ashe a manyan gidajen caca na Las Vegas a Amurka aka gyara shi ya zama ilimi. Can in ka shiga kati suke baka mai sunanka, ka zura shi a na'urar wasa tana ƙirga duk abinda ka saka, in a tebur ne akwai ma'aikacin da aikinsa ya rubuta nawa kake sakawa a kowane zagaye da awa nawa ka zauna. Sai su ɗauki matsakaicin abinda kake sakawa, su buga da yawan zagayen da ake yi a awa, su buga da awannin da ka yi, su buga da kason gida, abinda ya fito shine asarar da suke sa ran zaka yi, kuma da wannan lambar suke auna darajarka, ko da ranar kai ka ci su. Daga cikinta suke yankar wani yanki su mayar maka a matsayin ɗakin otal kyauta da abinci da tikitin kallo. Kamfanin Caesars matakansa sun fara daga Gold, sai Platinum a maki 5,000, sai Diamond a maki 15,000, can ƙoli akwai Seven Stars mai neman maki 150,000 a cikin shekara ɗaya, a na'urar wasa kuma sai ka saka dala 5 ake baka maki ɗaya, wato in ba'a haɗa da makin ƙari da suke bayarwa ba sai ka juya dala 750,000 kafin ka kai. Kuma shekara na ƙarewa ƙirga ya koma sifili ka sake sabon tari in kana so ka riƙe kujerarka. Kamfanin MGM su na samansu Noir suke kiransa, shi ma sai an gayyace ka. Duk mai babban matsayi ana haɗa shi da ma'aikaci na musamman mai kiransa a waya, ya san ranar haihuwarsa ya san abincin da yake so, in ya kwana biyu bai zo ba ya neme shi. Da na karanta wannan sai na tuna barandar asibiti, ashe ba tausayin Inna bane, aiki ne da aka koya mata kuma kwamfuta ce take nuna mata wanda ya yi shiru.

Wanda ya fi kowa suna a wannan harkar wani malamin jami'ar Harvard ne, Gary Loveman, da kamfanin Harrah's ya ɗauka a 1998, shi ya zauna a kan bayanan katunan nan ya gano kashi 26 cikin ɗari na masu zuwa su ke kawo kashi 82 na kuɗin shiga, kuma ba attajirai bane yawancinsu, talakawa ne masu ɗan abin hannu, tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta da masu sana'a waɗanda suke zuwa a kai a kai. Irin su Yaya kenan. Attajiran ma ba tsira suke ba, akwai wani ɗan kasuwa Terrance Watanabe da ya gaji kamfanin babansa a Nebraska ya sayar, a shekarar 2007 kaɗai ya yi asarar kusan dala miliyan 127 a gidajen cacar Las Vegas, sun bashi katafaren masauki kyauta da kuɗin jirgi da mayar masa da wani kaso na asararsa, da kuɗin suka ƙare sai gashi a kotu kan bashin sama da dala miliyan 14.

A Ingila da abin ya yi yawa hukumar kula da caca ta ci tarar kamfanin Betway fam miliyan 11.6 a 2020 saboda yadda ya bar manyan kwastomominsa suna zuba kuɗi ba tare da an binciki daga ina suke samu ba, wasu kuɗin ma na sata ne, a shekarar kuma aka kafa doka cewa kafin a ba mutum matsayin VIP sai an duba samunsa an tabbatar yana iya ɗaukar asarar. Mu a nan wa ya tambayi Yaya daga ina mai awon riɗi a ƙauye yake samun miliyoyi? Ba wanda ya tambaya, sai ma ƙara masa goro da ake. Nasan a ƙarshen 2024 Hisbah ta rufe shagunan bet a Kano, kuma a watan Nuwamba na shekarar kotun ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 tace hurumin jihohi ne, na ji daɗin hakan sosai, amma gaskiya shago ba shine matsalar garinmu ba, garinmu babu shagon bet ko ɗaya, gidan cacar yana cikin aljihun mutum yana kwana da shi a kan katifa.

Ranar da zan nuna masa lissafin na roƙi Kawu ya zo, muka zauna a zauren gidanmu bayan la'asar. Ban yi masa maganar kashi cikin ɗari ba domin nasan bazai shiga ba, da harshen awo na masa. Nace Yaya a ce duk buhun da ya shiga sitonka ya fita ana ɗibar kwano uku a cikin ɗari, kai kuma kana ta shigar da riɗi ɗaya kana fitarwa sau ɗari a dare, da asuba me zai rage? Ya yi shiru, yace babu. Nace toh sandar nan da kake gani tana cika, ba abinda ka tara take nunawa ba, yawan shiga da fitar take ƙirgawa, duk sanda ta ƙara tsawo an ƙara ɗiba. Na buɗe masa littafin shafi shafi, ga ranar da ka sayar da babur, ga abinda ya shiga, ga shi kafin asuba ya ƙare, ga washegari sun baka bonas na dubu biyar. Ga ranar tumaki. Ga daren asibiti. Na lissafa masa makin da ya rage ya shiga na saman, sai ya juya wasu miliyoyin masu yawa, kason gida a cikinsu ya ninka kyautar shigar da aka masa alkawari. Kawu da yake tsohon dillalin dabbobi ne a Maigatari sai yace masa, kai yaro ragon da aka ɗaure a turke ana bashi dusa da harawa ana shafa bayansa, shi a ransa ai gata ake masa. Yaya ya riƙe littafin ya daɗe yana kallo duk da ba iya karantawa yake sosai ba, sai yace, wato ita ma yarinyar nan duk ta san wannan? Nace Yaya ita albashinta take ci. Wannan ne ya karya shi fiye da maganar kuɗin, ya fashe da kuka a gaban Kawu, ni tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da Baba ya rasu.

Barin ma bai zo da sauƙi ba. Mun goge manhajar ya sake saukewa, muka rubuta musu a rufe asusun sai ga kira daga wata sabuwar lamba, Alhaji ai bai kamata ka tafi yanzu ba ga tayi na musamman mun ajiye maka. Sai da ya bani babbar wayar na sayar, ya koma ƙaramar mai tocila, aka canza layi, asusun bankinsa aka mayar da alat ɗin yana shigowa wayata da yardarsa. Wata na farko baya barci, haushi kaɗan ya hau faɗa da yara, da daddare sai kaga babban yatsansa yana motsi shi kaɗai. Liman ya taimaka ƙwarai, bai tozarta shi a huɗuba ba, yakan kira shi bayan sallar asuba su zauna su biyu, ya karanta masa ayoyin Suratul Ma'ida na 90 da 91 inda aka haɗa giya da caca aka ce shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku da su ya kuma hana ku ambaton Allah da sallah, Yaya yace min duk abinda ayar ta lissafa babu wanda bai gani a gidansa ba. Liman ya kuma bashi riƙon kuɗin gyaran rufin masallaci tare da wani dattijo, mutane suka yi ta surutu, yace mutumin da girma ya ja shi rami in kuka hana shi girma na halal zai koma inda ake bashi na ƙarya. Kuɗin sun cika cif, an yi rufin.

Yanzu Yaya yana awo wa wani ɗan kasuwa a Gumel, amma ba'a bashi kuɗi a hannu, shi ne mai duba kaya da ciniki wani ne mai biya, kamashon bai kai na da ba amma yana shigowa. Matarsa tana nan, mun haɗa mata tunkiya biyu ni da ƙannenmu mata. Bashin Alhaji an gama biya, saura jinginar gona, duk wata ina cire wani abu daga albashi da ribar POS shi ma yana kawo nasa muna ajiyewa wajen Kawu, in Allah ya kawo damina mai kyau riɗi ya yi daraja muna sa ran karɓo ta bayan kaka mai zuwa. A shagona kuma duk wanda ya zo in tura masa kuɗi cikin manhajar caca bana yi, na rasa kwastomomi da dama saboda haka, wasu yaran har gaba suke da ni suna tafiya garin gaba su tura. Biyu daga cikinsu ɗalibaina ne da na koyar a aji uku, ɗayan an ce min ya kai azurfa, na aika a kira min babansa gobe in Allah ya kaimu.